Baƙin da ke aiki a ɓoye cikin waya: Yadda mai waya a Nariya zai bambance ɗan gida da ɓarawo

Idan kaka ta yi a Nariya, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kibiya da ke kudancin jihar Kano, abubuwa biyu ne ke ƙaruwa tare: kuɗin amfanin gona da bukukuwan aure.

A 'yan shekarun nan, duka biyun ta waya suke bi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa har mutanen karkara koyon tiransifa, manomi na iya sayar da buhunan masara ko wake a kasuwa ya dawo gida ba ko sisi a aljihu, kuɗin suna cikin asusun banki ko OPay ko Moniepoint da ke ɗaure da layinsa. Katin gayyatar ɗaurin aure ma ya koma WhatsApp.

A daidai wannan mahaɗa ne wata manhajar sata mai suna Tria Stealer ta ɗana tarko. Kamfanin tsaron intanet na Kaspersky ya bayyana ta a farkon 2025, bayan ya gano ana yaɗa ta a ƙasashen Malesiya da Brunei. A watan Yunin shekarar, cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ta gargaɗi 'yan Najeriya a kanta.

Dabararta mai sauƙi ce. Saƙo ne zai shigo ta WhatsApp ko Telegram, sau da yawa daga lambar wanda aka sani, cewa ga katin biki, a buɗe a gani. Abin da aka turo ɗin ba hoto ba ne, fayil ne na manhaja da sunansa ya ƙare da APK. Da zarar an girka shi, sai ya nemi izinin karanta saƙonnin tes da sanarwar da ke faɗowa a saman allo, sannan ya sa rigar Settings, da tambarinsa mai kama da haƙoran inji, ya laɓe cikin jerin manhajojin waya.

Daga nan duk lambar OTP da banki ya turo, ɓarawon zai gan ta. Zai iya ƙwace WhatsApp ɗin mai wayar, ya bi 'yan uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya da roƙon kuɗi da sunansa, ya kuma tura musu katin bikin domin su ma su faɗa.

Mai wayar kuwa, ko da ya yi zargi ya buɗe jerin manhajojinsa, abin da zai tarar shi ne sunaye masu yawa da bai taɓa ji ba, akasarinsu da Turanci, wasu ma ba Turancin ba ne, haruffa ne da ɗigo-ɗigo. Wanne ne na gida, wanne ne ɓarawo?

Aiki a ɓoye ba laifi ba ne

Kowace waya da kowace kwamfuta na da ayyukan da ke gudana ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Su ne ke sa saƙo ya shigo ko waya na aljihu, su ke daidaita agogo, su ke riƙe da sabis, su ke kiran sallah idan lokaci ya yi ga wanda ya sa manhajar hakan.

Sabuwar wayar Android, ko ba a saka mata komai ba, tana ɗauke da irin waɗannan manhajoji fiye da ɗari idan aka ce a nuna har da na tsarin waya. Wasu na Google ne, kamar Google Play services da Android System WebView. Wasu na kamfanin da ya ƙera wayar ne. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion na China ne kuma su suka fi yawa a hannun mutane a wannan yanki, suna zuwa da nasu irin su Palm Store da Phone Master.

Saboda haka ganin baƙon suna kaɗai bai isa hujja ba. An ga misalin haka a farkon 2025, lokacin da hankalin mutane ya tashi a kafofin sada zumunta kan wata manhaja mai suna Android System SafetyCore, wadda ta bayyana a wayoyi ba tare da kowa ya sauke ta ba. Aka yi ta yaɗa cewa tana leƙen hotunan mutane, a gaggauta goge ta.

Daga baya ta bayyana cewa ta Google ce, an fara tura ta tun ƙarshen 2024, kuma aikinta shi ne taimaka wa manhajar saƙonni ta Google wajen dusar da hotunan tsiraici kafin mutum ya buɗe. Kamfanin ya ce a cikin wayar ake yin tantancewar, ba a aika hoton ko'ina. Masu sukar Google sun yi gaskiya a kan abu ɗaya: bai kamata a shigo da abu gidan mutum ba sallama ba. Amma rashin sallama daban, sata daban.

Irin wannan ruɗu ya girmi wayoyin zamani. A 2002 an yaɗa wani saƙon imel a duniya da ke umartar mutane su nemo fayil mai suna jdbgmgr.exe, mai tambarin 'yar tsana, su goge shi domin wai bairos ne. Fayil ɗin na Microsoft ne, kuma mutane da dama sun goge shi da hannunsu. An yi sa'a ba shi da wani muhimmanci ga yawancin masu kwamfuta. Ba kullum ake samun wannan sa'ar ba. Wanda ya kashe Google Play services saboda ya ga tana cin batir, zai wayi gari manhajoji da dama sun daina aiki yadda ya kamata, wataƙila har da ta bankinsa.

Suna ba shaida ba ne

A ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai tsohuwar ƙa'ida kan baƙo. Mai unguwa ba ya wadatuwa da sunan da baƙo ya faɗa, domin kowa na iya cewa sunansa Musa. Abin da ake tambaya shi ne daga ina ya fito, wa ya kawo shi, gidan wa ya sauka, kuma me ya zo yi.

Tambayoyin da masana tsaron kwamfuta ke yi wa baƙuwar manhaja ba su wuce waɗannan ba. Suna shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira. Duk wanda ya rubuta manhaja yana iya raɗa mata System Update ko Settings ko Google Service, ya kwafo tambari ya manna.

Abin da ke da wuyar ɓoyewa shi ne asali. A yawancin wayoyin Android, idan aka shiga Settings, aka shiga Apps, aka danna sunan manhajar, can ƙasan shafin akan ga inda aka samo ta. Wadda ta fito daga Play Store za ta nuna haka, kuma danna wurin zai kai mutum shafinta ya ga sunan kamfanin da ya yi ta. Ta ainihin tsarin waya kuma yawanci ba ta da maɓallin Uninstall, sai dai Disable, wani lokaci ma shi ɗin a kulle.

To idan aka ga manhaja tana da'awar ita ta tsarin waya ce, amma ga maɓallin Uninstall a fili, kuma babu shafinta a Play Store, wannan baƙo ne da ya ce shi ɗan gida ne alhali ba wanda ya san ɗakinsa. Idan kuma Settings biyu aka gani a jeri, ɗaya daga ciki na buƙatar bayani.

Matsalar ita ce a wuri irin Nariya, tambayar "wa ya kawo shi" ba ta da amsa ɗaya, domin waya na bin hannaye da yawa. Saboda matsalar wutar lantarki a karkara, waya kan yini a shagon mai caji. Daga nan ta je wurin mai turi a zuba mata fina-finan Kannywood da na Indiya masu fassara da waƙoƙi da wa'azi. Idan ta lalace, sai Rano, idan abin ya fi ƙarfin nan sai kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a birnin Kano. Da yawa kuma na hannu ne aka saya, da duk abin da mai ita na farko ya bari a ciki.

Ga kuma tsadar data. Bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba kowa ke son ƙona megabait ɗinsa a Play Store ba. Sai a ce wa aboki ya turo manhajar ta Xender. Shi ma abokin daga wani ya karɓa. A ƙarshe ba wanda zai iya faɗin wanda ya fara sauke ta, ko daga wane shafi.

Mafi shahara a wannan layi su ne jabun WhatsApp, irin su GBWhatsApp, da matasa ke so saboda suna ɓoye cewa mutum ya karanta saƙo ko suna nuna saƙon da aka goge. Ba kamfanin Meta ne ya yi su ba, kuma babu su a Play Store. A watan Agustan 2021 Kaspersky ya gano manhajar kutse mai suna Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp, a Oktoban 2022 kuma ya sake gano ta a YoWhatsApp. Masu wayoyin da abin ya shafa ba su ga wani baƙon suna a jeri ba. WhatsApp ɗinsu suka gani, yana aiki lafiya, ɓarawon na cikinsa.

Me ya zo yi?

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce ta ƙarshe, kuma a waya amsarta na cikin izinin da manhaja ta nema.

Manhajar tocila na buƙatar fitilar waya, shi ke nan. Idan ta nemi lambobin mutane da saƙonnin tes, ta wuce gona da iri. Katin biki hoto ne ko PDF, ba ya buƙatar a girka shi, balle ya nemi izini. Duk hoton da ya ce sai an danna Install kafin a gan shi, ba hoto ba ne.

Izini huɗu ne ɓarayin banki suka fi kwaɗayi, kuma kowanne na da shafinsa a Settings inda za a ga duk wanda aka bai wa. Akwai na karanta saƙonnin tes, inda lambar OTP ke shigowa. Akwai na karanta sanarwa, Notification access, wanda ke ba da damar ganin saƙon WhatsApp da na banki tun kafin mai waya ya buɗe. Akwai Device admin apps, wanda ke sa manhaja ta ƙi goguwa har sai an cire mata wannan matsayi.

Na huɗun, Accessibility, shi ne mafi haɗari. An yi shi ne domin makafi da masu wata lalura, don waya ta karanta musu abin da ke allo ta kuma danna musu maɓalli. Manhajar da ta samu wannan izini tana ganin duk abin da mai waya ke gani, tana iya danna duk abin da zai iya dannawa, har da bai wa kanta sauran izinin. Wannan ya sa tun daga Android 13 Google ya ƙara shinge ga manhajojin da aka girka daga wajen rumbun manhajoji kafin su same shi. A wayar da mai ita bai kunna wani abin taimako da kansa ba, bai kamata a ga wata manhaja da aka sauke tana kunne a wannan shafi ba.

Duba waɗannan shafuka huɗu ba ya cin data kuma ba ya wuce minti biyar. Ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan zama ana karanta sunaye ɗari ɗaya bayan ɗaya.

'Yan Najeriya sun riga sun ɗanɗani illar ba da izini ido rufe ta wata hanyar. Manhajojin ba da rance da suka yi ta kwashe lambobin mutane suna tura wa dangi da surukai saƙon cin mutunci idan an makara biya, da izinin mai waya suka yi. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Waɗanda ake turawa ta WhatsApp ko Xender kuwa wannan doka ba ta kai gare su.

Akwai kuma alamun da waya ke nunawa da kanta. Daga Android 12, ɗan koren ɗigo na bayyana a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta kunna kyamara ko makirfo. Shafin amfani da data na nuna nawa kowace manhaja ta ci a bayan fage. Manhajar da ba a taɓa buɗe ta ba amma ta fi Facebook cin data, abar tambaya ce.

Zafin waya da saurin ƙarewar batir kuwa, waɗanda su aka fi ɗora wa bairos, su ne mafi raunin shaida. Tsohon batir, zafin bazara, da raunin sabis da ke sa waya ta yi ta neman eriya, duk suna haddasa haka.

Maganin da ya zama cuta

Abin takaici shi ne tsoron bairos ɗin kansa ya zama ƙofar shigarsa. Mutum na cikin kallon wani shafi sai allo ya yi ja, waya ta yi kuka, a rubuta masa cewa an gano bairos goma sha uku, ya danna nan ya wanke. Babu shafin intanet da ke iya bincika cikin waya ta haka. Talla ce, kuma abin da za ta sa a sauke shi ne matsalar.

A Fabrairun 2022 kamfanin ThreatFabric na ƙasar Holan ya gano wata manhaja a Play Store mai suna Fast Cleaner, wadda ta yi alƙawarin share datti da ƙara wa waya sauri, kuma an sauke ta fiye da sau 50,000. Aikinta na gaskiya shi ne shigo da manhajar satar bayanan banki mai suna Xenomorph, wadda aka tsara don kwastomomin bankuna 56 na Turai. NCC ta fitar da gargaɗi a kanta a lokacin. Abin da Xenomorph ke fara roƙo, ba ta gajiyawa, shi ne izinin Accessibility.

Labarin ya nuna cewa Play Store ma ba tsarkakakke ba ne, ko da yake ya fi shafukan da ba a san mai su ba aminci sosai. Ya kuma nuna cewa wayar da aka cika da manhajojin wanki uku ko huɗu ta fi wadda ba ta da ko ɗaya shiga haɗari. Android na da mai gadinta, Play Protect, tun 2017, yana cikin Play Store, kyauta ne, kuma yana duba har manhajojin da aka karɓa ta Xender. Idan wata manhaja ta ce sai an kashe Play Protect kafin ta yi aiki, ta riga ta faɗi ko ita wace ce.

Kwamfutar mai turi

Kwamfutoci ba su da yawa a ƙauye, amma 'yan kaɗan da ke akwai kowa na hulɗa da su: ta mai turi, ta shagon buga takardu, ta mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Mamori da filash na mutane da yawa na shiga cikinsu kowace rana, kamar randar masallaci da kowa ke sa moɗa.

A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare na buɗe Task Manager, inda ake ganin duk abin da ke gudana. Wanda ya fara buɗe shi yakan firgita da ganin svchost.exe ya maimaitu sau da yawa. Wannan daidai ne. Shi ne ke ɗauke da ƙananan ayyukan Windows, kuma tun wani sabuntawa na Windows 10 a 2017 ake raba su ɗai-ɗai a kwamfutocin da ke da isasshen RAM, shi ya sa suka yi yawa. Haka ma Antimalware Service Executable, wanda kan sa kwamfuta nauyi jim kaɗan bayan an kunna ta: mai gadin Windows ne, Microsoft Defender, yake zagaye.

Sanin haka ne ya sa masu kutse ke aron waɗannan sunaye. Sukan rubuta svch0st da sifili a maimakon harafin o, ko scvhost da juya haruffa biyu, ko su fara lsass.exe da babban harafin i wanda a ido ba ya bambanta da ƙaramin l.

A nan tambayar "gidan wa ya sauka" ce ke aiki. Idan aka danna sunan da maɓallin dama na linzami aka zaɓi Open file location, za a ga foldar da fayil ɗin yake zaune. Gidan svchost.exe na gaskiya shi ne C:\Windows\System32, sai wani kwafinsa a SysWOW64 da ke cikin foldar Windows ɗin. Idan an same shi a AppData ko Temp ko Downloads, to sunan aro ne. Ga mai son ƙarin tabbaci, manhajar Process Explorer ta Microsoft kyauta ce, tana nuna ko fayil na ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi shi, tana kuma iya tambayar shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, inda manhajojin kariya kusan saba'in ke duba fayil ɗaya. Idan ɗaya ko biyu ne suka yi ƙorafi, yana iya zama kuskure. Idan ashirin ne, an gama magana. Sai dai ba a loda takardun sirri a shafin, domin masu bincike na iya ganin abin da aka loda.

Bairos ɗin da masu turi suka fi sani, wanda ke ɓoye foldoji a mamori ya bar gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a madadinsu, yana koyar da wani darasi na daban. Sau da yawa abin da za a gani yana gudana shi ne wscript.exe, kuma fayil ne na Windows na gaskiya, yana zaune a gidansa, da sa hannun Microsoft. Laifin na rubutaccen umarnin da aka ba shi ya aiwatar ne. Ɗan gida ne aka aika ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Goge wscript.exe ba zai magance komai ba, sai an nemo umarnin a cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Shi wannan bairos ba ya aiki a wayar Android, amma mamorin wayar na ɗauke da shi zuwa kwamfuta ta gaba, kuma fina-finan da mutum ya ɗauka sun goge yawanci suna nan, ɓoye su aka yi.

Abin da ke dagula lissafi a shaguna da dama shi ne Windows ɗin kansa ba na asali ba ne. Ana buɗe shi da manhajoji irin su KMSPico, waɗanda sai an kashe Defender kafin su shiga, kuma a ƙarshen 2021 kamfanin Red Canary ya nuna yadda ake cusa manhajar satar bayanai mai suna CryptBot a cikin jabunsu. Mai shagon da ya saba cewa mai gadinsa ƙarya yake yi, ranar da ya faɗi gaskiya ma ba zai saurare shi ba. Ga shi kuma Microsoft ya daina bai wa Windows 7 kariya tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali tsofaffin laftof na hannu da ke cika kasuwannin Kano da yawansu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba.

Wanda aka haifa da shi

Duk waɗannan dabaru na da iyaka, kuma an ga iyakar a wayar Tecno W2. A watan Agustan 2020, sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano Triada a wayoyi kimanin 53,000 na wannan samfuri, tare da ƙoƙarin cinikin bogi sau miliyan 19.2 da ya toshe tun daga Maris na 2019, akasari a Habasha da Masar da Afirka ta Kudu da Ghana da Kamaru.

Ba masu wayoyin ne suka sauke ta ba, da ita aka sayar musu. Ita ke shigo da wata mai suna xHelper, wadda ke yi wa mutum rajistar ayyukan biyan kuɗi a ɓoye ana cire masa kati, kuma ko an mayar da wayar sabuwa fil ta hanyar goge komai, sai ta dawo. Transsion ya ce matsalar ta fito ne daga wani ɗan kwangila da ke cikin masu samar masa da kayan aiki, kuma ya riga ya fitar da gyara. Google ma ya tabbatar a 2019 cewa ta irin wannan hanya Triada ta shiga wasu wayoyi tun daga masana'anta.

A irin wannan hali manhajar na da duk alamun ɗan gida: babu maɓallin Uninstall, tana cikin tsarin waya, ba ta nemi izinin kowa ba. Abin da ya tona ta shi ne aikinta, wato katin da ke ɓacewa da datar da ke ƙarewa da talla mai faɗowa ba dalili. Maganinta kuma ba ya hannun mai waya, sai sabuntawa daga kamfani ko a sake zuba wa wayar manhajar asali a cibiyar gyara da kamfanin ya amince da ita. Haɗarin ya fi yawa a jabun wayoyi masu kama da manyan samfura da ake sayarwa da arha. A 2025 Kaspersky ya sake samun sabon zubin Triada a cikin irinsu.

Ba duk katin da ya ɓace ba ne aikin manhajar kutse. Sau da yawa rajistar waƙar kira ce ko saƙon wasanni da aka shiga bisa kuskure. Lambar 305 ce NCC ta ware wa dukkan layuka domin dakatar da irin waɗannan, 2442 don hana saƙonnin talla, 622 kuma don kai ƙorafi ga hukumar idan kamfanin layi bai saurara ba.

Gargaɗin da ba ya isa ƙauye

Hukumomin Najeriya ba su yi shiru ba. NCC da NITDA da ngCERT na fitar da gargaɗi a kai a kai. Amma yawanci da Turanci ne, a shafukan intanet, cike da kalmomin da ko mai digiri sai ya yi tambaya. Kafin ya iso Nariya, idan ma ya iso, ya zama saƙon murya a WhatsApp da ke cewa kar a ɗaga kiran wata lamba ko a goge wata manhaja, babu bayanin dalili, an cakuɗa gaskiya da ƙarya.

Mutanen da ya fi dacewa a koya wa wannan ilimi kuwa suna nan a kowane gari: mai caji, mai turi, mai POS, da yaron da kowa a unguwa ke miƙa wa waya idan ta rikice. Su ne ke girka wa mutane manhaja, su ake tambaya idan an ga baƙon abu, kuma sana'arsu ce ke lalacewa idan aka fara cewa daga shagon wane ake ɗauko bairos. Mai POS da ya san shafin Accessibility zai kare asusun mutane da yawa fiye da sanarwar da aka wallafa a Abuja.

Ga wanda ya riga ya danna katin bikin, jerin matakan na da muhimmanci fiye da gaggawar gogewa. A fara kashe data da Wi-Fi. A kira banki da wata wayar a sa a rufe asusun na ɗan lokaci, tun da yawancin bankuna na da lambar da ake dannawa daga kowace waya don haka. A sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunan mai wayar. Sannan a cire wa manhajar matsayin Device admin, a goge ta, idan ta ƙi a kunna wayar a Safe mode, inda manhajojin da aka sauke ba sa tashi. Lambobin sirri kuma a wata wayar ake sauya su, ba a wadda ake zargi ba. A WhatsApp a kunna lambar tabbatarwa ta biyu mai lamba shida, a kuma duba Linked devices a kori duk na'urar da ba a sani ba.

A watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai fara buƙatar duk mai yin manhajar Android ya tabbatar da ko shi wane ne, har da waɗanda ke rarraba nasu a wajen Play Store, matakin da masu rajin 'yancin manhaja suka soka da cewa zai ƙara wa kamfanin iko a kan wayar da mutum ya saya da kuɗinsa. Jadawalin da aka fitar ya ce za a fara ne a Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand. Sauran ƙasashe, ciki har da Najeriya, sai daga 2027, kuma a wayoyin da Google ya tantance kawai.